Ƙaba da Hoton Eko: Yaushe Ake Bukatarsa, Yaushe Ba a Jiransa

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi]

Jama'ar Gure da kewaye, barkanmu da warhaka. Gaisuwa ga masu sauraronmu na Kelle, Bune, Gidigir, Gamu da Alakos, da makiyayan da ke jin mu a bakin rijiya, da direbobin da ke kan hanyar Damagaram zuwa Diffa. Iyayenmu maza da mata, muna neman afuwa tun da farko, domin yau za mu ambaci sassan jikin da aka saba sakayawa. Lalura ce ta kawo haka, kuma rai ya fi ƙarfin kunya.

Maganarmu ta yau a kan ƙaba ce, wadda ke fitowa a matsematsi, tsakanin mara da cinya. Idan ta sauka cikin maraina ta yi girma, a nan ne mutane ke cewa wane ya yi gwaiwa. Za mu kuma yi bayanin hoton da ake ɗauka a asibiti da na'urar ekogarafi, wanda muka fi sani da eko, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suke ce masa sikanin. Da yawanmu mun ɗauka eko na masu juna biyu ne kawai. Yau za mu ji amfaninsa ga mai kumburin matsematsi, namiji ko mace, babba ko yaro.

[Ɗan kiɗa]

Bari mu fara da ita ƙabar kanta. Cikin mutum kewaye yake da bango na tsoka, shi ke riƙe hanji a mazauninsa. A ƙasan mara, dama da hagu, akwai wata ƴar hanya da Allah ya halitta. Ta nan ƴaƴan maraina ke sauka daga ciki tun jariri yana cikin mahaifiyarsa, ta nan kuma jijiyoyinsu ke bi har ƙarshen rayuwa. Ga mace, wata igiya mai riƙe mahaifa ce ke bi ta wurin. Wannan wuri ya fi sauran bangon rauni. In hanyar ba ta rufe da kyau ba tun haihuwa, ko naman wurin ya saki saboda shekaru, sai hanji ko kitsen da ke lulluɓe shi ya samu kafa ya leƙo ƙarƙashin fata. Wannan leƙowar ita ce ƙaba.

Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, ba kuma hukuncin wani laifi ba ne. Binciken likitoci ya nuna cewa a cikin maza 100, kimanin 27 za a yi musu aikin ƙabar matsematsi a tsawon rayuwarsu, a cikin mata 100 kuwa kimanin 3. A duniya ana yin wannan aiki fiye da sau miliyan 20 kowace shekara. Tana bin gida, tana ƙaruwa da tsufa. Abin da ke matsa ciki kuma yana fito da ita fili: tarin da ya daɗe, yunƙurin bayan gida mai tauri, wahalar fitsari ga dattawa, da aikin ƙarfi irin namu, jan guga a rijiya mai zurfi, ɗora buhun gero ko kanwa a kan amalanke, wuni ana noma.

Alamarta sananniya ce. Kumburi ne mai fitowa idan mutum ya tsaya, ya yi tari ko ya ɗaga kaya, ya koma idan ya kwanta. Wani yana jin nauyi ko ja a wurin da yamma bayan aiki. Wani ma yakan ji ƙugin hanji a ciki idan ya tura shi da hannu.

[Ɗan kiɗa]

To, yaya ake gane ta a asibiti? Ku saurara da kyau, domin nan ne mutane ke yin asarar kuɗi.

Abu na farko ba na'ura ba ce. Ido ne da hannun ma'aikacin lafiya. Majo a asibitin karkara, ko likita a asibitin gundumar Gure, zai tambaye ka yaushe abin ya fara, me ke fito da shi, yana komawa ko ba ya komawa. Zai sa ka tsaya, ya ɗora yatsunsa a wurin, ya ce ka yi tari. Idan ya ji abu ya bugi yatsansa, ya kwantar da kai ya ga kumburin ya koma, magana ta ƙare, ƙaba ce. Ƙungiyoyin likitocin ƙaba na duniya sun haɗu sun fitar da ƙa'idoji a shekarar 2018, kuma abin da suka tsayar shi ne: ƙabar da ta bayyana a fili, duba da hannu ya wadatar, ba sai an yi hoto ba. Saboda haka idan likita ya duba ka ya ce aiki za a yi, kada ka ga kamar ya yi maka sakaci don bai tura ka eko ba. Kuɗin motar zuwa ɗaukar hoto, ka adana shi don ranar aiki.

Eko yana shigowa ne inda hannu ya yi shakka. Akwai mai ciwo a matsematsi amma babu kumburin da ake gani. Akwai wanda kumburinsa ke fitowa a gona, ya zo gaban likita ya ɓace. Akwai mai ƙiba wanda yatsa ba ya kai wa ga wurin. Akwai wanda aka taɓa yi wa aiki, wurin ya sake tasowa, ana son a san ƙabar ce ta dawo ko ruwa ne ya taru. Akwai kuma kumburin da ba ya motsi, ba a san ko ƙaba ce ta maƙale ko wani abu ne daban ba. A irin waɗannan, eko shi ne hoton da ake fara nema. In shi ma bai warware ba, likita ya nemi hoto mafi girma a babban asibiti.

[Ɗan kiɗa]

Yaya na'urar ke aiki? Wanda ya taɓa kiwo a tsakanin duwatsun Muniyo ya san cewa idan ya ƙwala kira, dutse na mayar masa da muryarsa, na kusa ya amsa da wuri, na nesa ya ɗan jinkirta. Haka eko yake. Ɗan kan na'urar da ake ɗorawa a fata yana aika sauti mai tsananin siranta wanda kunnen mutum ba ya ji. Sautin ya shiga jiki, ya bugi tsoka, kitse, hanji ko ruwa, kowanne ya mayar da shi ta irin tasa hanya. Kwamfutar na'urar ta lissafa lokacin da kowane amo ya ɗauka kafin ya dawo, ta zana hoto a allo nan take. Ruwa yakan fito baƙi ƙirin, kitse ya yi haske, hanji kuma a gan shi da bangonsa, har da motsinsa. Tun a shekarar 1958 wani likita mai suna Ian Donald da abokan aikinsa a birnin Glasgow na Birtaniya suka wallafa yadda suka duba cikin marasa lafiya da wannan hanya. Yau akwai na'urorin da ake ɗauka a hannu.

Babu allura, babu yanka, babu irin hasken da ake hoton ƙashi da shi. Shi ya sa ake yi wa mai ciki da jariri ba tare da fargaba ba. Ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya taɓa haihuwa.

Ga yadda abin ke gudana. Za ka kwanta rigingine, a buɗe wurin da za a duba kaɗai. A shafa wani mai mai sanyi da yauƙi, domin iska ba ta barin sautin ya wuce, man ne ke haɗa kan na'urar da fata. Mai duba zai fara neman alamomin hanya: ƙashin mara, igiyar naman da ta miƙe daga ƙashin ƙugu zuwa gare shi, da jijiyoyin jinin da ke wurin. Daga nan sai ya ce ka yi tari, ko ka riƙe numfashi ka yi yunƙuri kamar mai bayan gida. Nan fa kada ka ji nauyi, ka yi da gaske. Ƙaba aba ce mai shiga da fita, kuma fifikon eko shi ne yana kallon jiki yana motsi. A lokacin yunƙurin ne ake ganin hanji ko kitse ya kutso ta ramin, ka saki kuma ya koma. Sau da yawa za a ce ka miƙe tsaye a sake dubawa, domin ƙaramar ƙaba na iya ɓuya ga wanda ke kwance. Idan tsayuwa ce ke fito maka da ita, ka faɗa da bakinka. Yawanci ba a bukatar ka ƙi cin abinci kafin wannan hoto, sai in an ce maka haka, kuma ba ya ɗaukar dogon lokaci.

[Ɗan kiɗa]

Me hoton ke gaya wa likita? Abu huɗu.

Na ɗaya, akwai ƙaba ko babu, kuma gefe ɗaya ce ko biyu.

Na biyu, ta wace ƙofa ta fito. Akwai wadda ke bin hanyar maraina, ita ce ta fi yawa, ita ce ta yara da samari, ita ce mai sauka ƙasa ta zama gwaiwa. Akwai wadda ke turo bangon kai tsaye inda ya saki, ta fi kama dattawa. Mai duba yana bambanta su ta wurin kallon wata jijiyar jini da ke hawa bangon ciki: ta farko tana fitowa ta wajenta, ta biyu ta cikinta. Sai ta uku, wadda nake so iyayenmu mata su riƙe: ƙabar saman cinya. Ita tana fitowa ƙasa da waccan igiyar nama, dab da babbar jijiyar da ke dawo da jini daga ƙafa. Ta fi samun mata, ƙarama ce, wani lokaci ba ta fi goro ba, amma ƙofarta matsattsiya ce ƙwarai, don haka ta fi kowacce saurin shaƙe hanji. Hannu kan rikita ta da sauran. Mace mai ƙaramin kumburi a saman cinya kada ta raina shi, kuma idan an tabbatar ƙaba ce, ba a ja mata lokaci.

Na uku, me ke cikin kumburin, hanji ne ko kitse, kuma yana komawa ko ya maƙale.

Na huɗu, idan ba ƙaba ba ce, mece ce. Ba duk kumburin matsematsi ne ƙaba ba. Kaluluwa na tasowa saboda miki a ƙafa ko wata cuta a jiki, kuma a allo kamanninta daban ne, ba ta motsi da tari. Ruwa na taruwa kewaye da ɗan maraina, mu ce gwaiwa, alhali babu hanji a ciki ko kaɗan, kuma aikinsa daban ne. Akwai ƙurji mai mugunya, akwai curin kitse, akwai ɗan marainan da bai sauko ba ga yaro. Ga mai juna biyu, jijiyoyin jinin igiyar mahaifa na iya kumbura a matsematsi su yi kama da ƙaba sak. Na'urar na da hanyar nuna gudun jini da launi, sai a ga jijiyoyi ne, a bar ta ta haihu lafiya ba tare da an yi mata aikin da ba ta bukata ba.

A nan ina roƙon wanzamanmu, waɗanda jama'a ke zuwa wurinsu tun kafin su tuna da asibiti. Kumburin matsematsi ko na maraina, kada a yi masa sakiya, kada a tsaga, kada a sa ƙaho. Abin da ido ya ɗauka ƙurji ne yana iya zama hanji, ko jijiyar jini. Ku zama ku ne masu cewa a tafi likita.

[Ɗan kiɗa]

Eko na da iyakarsa, kuma wajibi ne mu faɗa. Ingancinsa na hannun mai riƙe da shi, sai wanda ya koyi duba matsematsi ne zai ga ƙaramar ƙaba. Hoto na iya cewa babu alhali akwai, musamman in ba a sa mutum yunƙuri ko tsayuwa ba. Yana kuma iya nuna ɗan kitsen da ya leƙo wanda ba shi ne ke sa ciwon ba, ciwon daga ƙugu ne ko daga jijiyar cinya. Don haka takardar eko ba ita ke yanke hukunci ba. Ka mayar da ita ga likitan da ya tura ka, shi zai haɗa abin da ka faɗa, abin da hannunsa ya ji, da abin da hoto ya nuna. Hoto kuma ba magani ba ne. Wanda aka ɗauka wa hoto ya naɗe takarda ya sa a aljihu ya koma gida, ramin nan yana nan yadda yake.

[Kiɗa ya tsaya]

Yanzu ga maganar da ta fi kowacce nauyi a shirin yau. In akwai mai hira kusa da kai, ka ce ya dakata.

Akwai ranar da ba a jiran eko. Ƙabar da ta saba komawa, yau ta ƙi. Ta yi tauri, tana ciwo mai tsanani, ba ta taɓuwa. Mutum ya fara amai. Ciki ya kumbura, ba bayan gida, ba fitar iska. Wani lokaci fatar wurin ta canza launi, zazzaɓi ya biyo baya. Wannan ƙaba ta shaƙe: bakin ramin ya matse hanji, jini ya daina isa gare shi. Hanjin da jini ya yanke masa na iya fara mutuwa cikin kimanin awa 6. In ya mutu sai an yanke shi, in ya fashe a ciki rai ne ke kan siratsi.

Wannan ba labarin wata ƙasa ba ne. Likitocin fiɗa na Babban Asibitin Damagaram sun wallafa bincike a shekarar 2016 a kan marasa lafiya 171 da hanjinsu ya toshe, kuma shaƙaƙƙiyar ƙaba ce ta zo kan gaba cikin dalilan toshewar.

Ku lissafa da kanku. Daga Gure zuwa Damagaram sama da kilomita 160 ne. Wanda ke ƙauye ko ruga sai ya fara ratsa rairayi kafin ya ga kwalta. Neman mota, neman kuɗi, jiran gari ya waye, jiran a gwada jiƙo, kowanne yana cin wani abu daga cikin awa 6 ɗin nan. Don haka in waɗannan alamu suka bayyana, ko tsakar dare ne, a nufi asibiti mafi kusa. Kada a danna kumburin da ƙarfi. Kada a ba marar lafiyar abinci, fura ko jiƙo, domin mai yiwuwa aiki za a yi masa. Kada a tsaya yawon neman inda ake hoto. Likita na gane shaƙaƙƙiyar ƙaba da hannunsa. In na'ura na kusa, tana iya nuna ruwa a kewayen hanjin, ko kaurin bangonsa, ko tsayawar motsinsa, amma ba a jinkirta aiki dominta.

Haka kuma saurayi ko yaron da ciwo mai tsanani ya kama ɗan marainansa farat ɗaya. Yana iya zama murɗewa ce, ita ma awoyi kaɗan take bayarwa.

[Ɗan kiɗa]

Bari mu amsa wasu tambayoyin da ke yawo a majalisa da gidajen suna.

Akwai maganin sha da ke rufe ƙaba? Babu. Ba ƙwaya, ba saiwa, ba allura. Ɗamara na iya tare ta na ɗan lokaci, amma ba ta rufe ramin. Aiki ne kaɗai ke rufe shi, ko da ɗinki, ko da wata raga ta musamman da ake shimfiɗawa don ƙarfafa wurin. Sau da yawa ba a ma sa mutum barci, allurar baya ake yi ko a kashe wurin kaɗai.

Aikin na kashe mazakuta? Wannan tsoro ya hana maza da yawa zuwa asibiti. Likita ramin yake rufewa, yana kuma kiyaye jijiyoyin maraina. Mafi yawan waɗanda aka yi wa suna komawa ga iyalinsu da gonakinsu lafiya. Kamar kowane aiki, yana da nasa haɗari: wasu na jin ciwo a wurin na tsawon lokaci, wasu ƙalilan takan dawo musu. Amma aikin da aka shirya, aka sa masa rana, ya fi na gaggawa aminci nesa ba kusa ba.

Wadda ba ta ciwo fa? Ga namiji babba, likita na iya cewa a sa ido tukuna. Sai dai yawancin masu jira daga baya ciwo kan kai su ga aiki. Kuma wanda gidansa ke nesa da asibiti, ko mai tafiya kiwo wata da watanni, ya gaya wa likita haka, domin nisa na cikin abin da ake aunawa.

Jariri fa? Uwa, in kin ga kumburi a matsematsin ɗanki ko ƴarki yana fitowa lokacin kuka ya koma in ya yi barci, ki kai shi asibiti. Wannan ƙabar ta fi yawa ga maza da bakwaini. Kada ki haɗa ta da ƙaton cibi, wanda sau da yawa yake rufewa da kansa yayin da yaro ke girma. Ta matsematsi ba ta rufewa da kanta, kuma ga jarirai tana saurin maƙalewa. In kumburin ya ɓace kafin ku isa, ki bayyana abin da kika gani dalla-dalla. In akwai waya a gidan, a ɗauki hotonsa lokacin da ya fito a nuna wa likita.

Kunya fa? Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malamanmu sun bayyana cewa lalurar magani na halatta a nuna wa likita wurin ciwo gwargwadon bukata. Mace na da damar neman mace ta duba ta in akwai, ko ta shiga da ƴar'uwarta. Ma'aikacin lafiya kuma amana ce a wuyansa ya rufe sirrin wanda ya duba. Maigida, in uwargida ta ce tana jin wani abu a saman cinya, kai ne za ka ce ta shirya ku tafi. Uwargida, ke kika fi kowa sanin abin da maigida ke ɓoyewa a ƙarƙashin babbar riga, ki lallashe shi. Ƴaƴa, ku lura da tsohon da ya rage tafiya masallaci yana dafe mara.

Jama'a, mai ƙabar da ke shiga da fita yana da wata dama a hannunsa: shi zai zaɓi ranarsa. Zai iya bari a gama girbi, ya sayar da akuya a kasuwar Gidigir da daraja, ya shirya wanda zai kula masa da dabbobi, ya tafi asibiti da ƙafarsa. In ya bari ta shaƙe, ita za ta zaɓa masa, kuma ba ta duba dare ko damina. Wanda ya san yana da kumburin nan, ya je a duba shi a cikin makon nan. In hannun likita ya gane ta, a sa ranar aiki. In ya yi shakka, a yi eko, a mayar masa da takarda.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Wanda ya ji, ya isar wa wanda bai ji ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.

[Kiɗan rufe shiri]